Daga kwanon gishiri zuwa ƙwaƙwalwar ɗan tayi: Abin da ke faruwa kafin ranar suna a Hardawa

Idan aka tara dukan sinadarin aidin da jikin mutum yake buƙata tun daga ranar haihuwarsa har ya cika shekara 70, ba zai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Babban mutum maikirogiram 150 yake nema a rana, mace mai juna biyu ko mai shayarwa kuwa 250, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Amma wannan ɗan abin da ido ba ya iya gani yana cikin abubuwan da ke raba yaron da zai riƙe karatu da wanda malami zai gaji da maimaita masa. Hukumar ta daɗe tana lissafa ƙarancin aidin a matsayin babban sanadin lalacewar ƙwaƙwalwar yara da ake iya hanawa, kuma wannan magana ba ƙarin gishiri a cikinta.

Hardawa gari ne a ƙaramar hukumar Misau ta Jihar Bauchi, maƙwabcin Azare, inda fadar Sarkin Katagum take. Ƙasar yankin ta rairayi ce, ta gero da dawa da wake da gyaɗa, kuma tsakaninta da teku akwai ɗaruruwan kilomitoci. Wannan nisa yana da muhimmanci, domin teku ce rumbun aidin na duniya. Kifin teku yana ɗauke da shi sosai, kifin kogi kuwa kaɗan ne nasa. Hatsin da aka noma a ƙasar da ba ta da wadatar aidin shi ma haka zai tashi. Saboda haka ga gida irin na Hardawa, hanya mafi tabbas da aidin ke bi ya shiga tukunya ita ce gishirin da uwargida ta barbaɗa a miya.

Ma'aikatar da ke cikin maƙogwaro

A gaban wuya, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka mai fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi, nauyinta kimanin giram 20. Likitoci na kiran ta tayirod. Aikinta ta tsamo aidin daga cikin jini ta ƙera sinadarai biyu da shi: ɗaya mai ƙwayar aidin huɗu, ana ce masa T4, ɗaya mai uku, ana ce masa T3. Akasarin abin da take fitarwa T4 ne. Sama da ita akwai wani ɗan ƙulli a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da ke sa mata ido. Da zarar ya ga sinadarin ya ragu a jini sai ya aiko da saƙon matsa lamba, wanda ake kira TSH. Idan aidin ɗin ne babu, matsin ba zai haifar da komai ba face kumburi. Wannan kumburin shi ne maƙoƙo, alamar ma'aikatar da aka tsananta wa neman sakamako ba a ba ta kayan aiki ba. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san irin wannan hali.

Maƙoƙo shi ake gani, shi ya sa shi mutane suka sani. Babbar ɓarnar tana can inda ba a gani, kuma fahimtarta sai an bi sinadarin har inda yake sauka.

An daɗe da sanin cewa sinadarin tayirod yana da iko a kan girman halitta. A 1912 wani masani mai suna Gudernatsch ya ciyar da 'ya'yan kwaɗi, irin masu wutsiyar nan da ke yawo a kududdufi da damina, da naman tayirod, sai suka yar da wutsiya suka fitar da ƙafafu tun lokacinsu bai yi ba. Abin da aka ɗauki shekaru ba a gane ba shi ne wanda ke karɓar saƙon a cikin jiki. Sai a 1986 ayari biyu na masu bincike, ɗaya ƙarƙashin Björn Vennström a Jamus, ɗaya ƙarƙashin Ronald Evans a Amurka, suka bayyana makarɓin sinadarin kowa ta tasa hanyar. Daga nan aka tabbatar makarɓan iri biyu ne, alfa da beta, kowanne da shafinsa a kundin gadon ɗan Adam. Alfa ya fi yawa a ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙashi. Beta ya fi ƙarfi a hanta, da ƙullin nan mai aiko TSH, da can cikin kunne, da bayan ido.

Yadda makarɓin yake aiki abu ne da ma'aikacin sakatariya zai gane nan take. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai kundin gado, wato DNA, mai dubban shafuka, kowane shafi ɗauke da umarnin yin wani aiki. Makarɓin tayirod ba a bakin ƙofa yake jiran baƙo ba. Yana can ciki, zaune daram a kan wasu zaɓaɓɓun shafuka, kamar jami'in da aka ajiye wa fayil a tebur. Muddin T3 bai iso ba, jami'in nan ba hutu yake yi ba. Danne fayil ɗin yake yi, har ma ya kira wasu mataimaka su taya shi rufe shi. Da T3 ya zo ya manne masa sai siffarsa ta sauya, ya sallami masu rufewa, ya kira masu buɗewa, a karanta shafin, a zartar da umarni. T3 dai shi ne sa hannun da fayil ke jira.

Wannan ya warware wani abin mamaki. Masu bincike a Madrid, ƙarƙashin Juan Bernal, sun nuna a 2002 cewa ɓerayen da aka cire musu makarɓin alfa gaba ɗaya, ko da an hana su sinadarin tayirod, ba sa samun wata tawaya a ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya irin wadda ɓeraye masu makarɓi suke samu idan aka hana su. Wato kujerar da ba kowa a kanta ta fi sauƙin ɓarna a kan kujerar da jami'i ke zaune yana danne fayil. Ga jaririn da uwarsa ba ta da isasshen aidin, makarɓansa lafiyarsu ƙalau, kuma lafiyar tasu ce ke sa su tsare aikin ginin ƙwaƙwalwa suna jiran sa hannun da bai zo ba.

Ayyukan da ke cikin waɗannan shafuka su ne ainihin ginin. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba a inda aka haife su suke zama ba. Kowacce sai ta yi tafiya zuwa mazauninta a ɓawon ƙwaƙwalwa, hawa-hawa, kuma sinadarin tayirod yana cikin masu tsara wannan ƙaura. Shi ke sa manyan ƙwayoyin ƙaramar ƙwaƙwalwa su fitar da rassa kamar bishiyar kuka, waɗanda da su ake daidaita tsayuwa da tafiya. Shi ke zaburar da ƙwayoyin da ke naɗe jijiyoyi da wani farin kitse, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, don saƙo ya yi gudu. Shi kuma ke kammala ginin cikin kunne, wanda ya sa kurumta take yawan tafiya tare da matsanancin ƙarancin aidin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da lokacinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙwayar da ta sauka a mazaunin da ba nata ba a wata na huɗu na ciki, ba maganin da zai tashe ta a shekara ta huɗu.

Watannin da ake ɓoye ciki

A nan ne kimiyya ke karo da al'ada. Ana samun makarɓan tayirod a ƙwaƙwalwar ɗan tayi tun wajen mako na 10, alhali tasa tayirod ɗin ba ta fara fitar da sinadari mai yawa sai wajen tsakiyar ciki. A duk wannan tsakanin, abin da uwa ta ba shi ta mabiyiya da shi ya dogara. Waɗannan kuwa su ne watannin da mace a ƙasar Hausa take ɓoye cikinta, musamman na fari, don kunya ko gudun baki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matan da ke fara zuwa awo a watanni ukun farko ba su kai ɗaya cikin biyar ba a Najeriya. Kafin a kai ga goyon ciki a gidan iyaye, an riga an ci rabin aikin.

Akwai wani sirri kuma da marigayiya Gabriella Morreale de Escobar ta shafe rayuwarta tana bayyanawa a Madrid. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi ba ta cin moriyar T3 na uwa kai tsaye. T4 take karɓa, sannan wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro da ke yi wa jijiyoyi hidima su cire masa ƙwayar aidin ɗaya, su mayar da shi T3 a nan cikin gida, daidai gwargwadon buƙata. To, idan aidin ya yi ƙaranci, tayirod ɗin uwa sai ta shiga tattali: ta rage T4 mai cin aidin huɗu, ta karkata ga T3 mai cin uku. Jikin uwar zai ci gaba da aiki da wannan T3, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ba wanda zai ce tana da wata larura. Wanda ke cikinta shi ke kwana da yunwa.

Hujja mafi ƙarfi a kan lokaci ta fito ne daga tsaunukan Fafuwa Niyu Gini. A kwarin Jimi, daga 1966, Peter Pharoah da Basil Hetzel da abokan aikinsu sun yi wa wasu iyalai allurar mai mai ɗauke da aidin, wasu kuma ba a ba su ba. Sakamakon da aka wallafa a 1971 ya nuna matan da suka samu allurar kafin su ɗauki ciki sun tsira daga haihuwar yara masu wannan mummunar tawaya ta kurumta da bebantaka da shanyewar gaɓoɓi da raunin hankali. Waɗanda suka samu bayan ciki ya yi nisa kuwa ba duka suka tsira ba. Irin wannan matsanancin hali ya yi ƙaranci yanzu a duniya. Abin da ya rage shi ne asarar da ba ta da suna. Wani nazari na 1994 da ya haɗa bincike da dama ya sami tazarar maki kusan 13 a ma'aunin basira tsakanin al'ummomi masu ƙarancin aidin da masu wadatarsa. Ko a Ingila, wani bincike na 2013 ya gano 'ya'yan matan da aidin ɗinsu ya gaza kaɗan lokacin ciki sun fi zama a baya wajen karatu da fahimtar magana suna da shekara takwas zuwa tara. Yaro irin wannan ba a kai shi asibiti. A aji ake ce masa daƙiƙi.

Gero, rogo da gishirin mudu

Abincin yankin ma yana da hannu, ko da yake a nan sai an yi taka-tsantsan da magana. A Darfur ta ƙasar Sudan, inda gero ne cimar yau da kullum kamar a Katagum da Misau, masu bincike sun lura da yawan maƙoƙo, daga baya kuma aka gano a dusar gero akwai wasu sinadarai da ke rage wa tayirod ƙarfin haɗa aidin. Rogon da ba a jiƙa ko aka sarrafa shi sosai ba shi ma yana barin wani sinadari a jini da ke gasa da aidin a ƙofar shiga tayirod, Farfesa O. L. Ekpechi ya yi aiki a kan wannan a yankin Nsukka tun shekarun 1960. Wannan ba dalilin barin fura ko kunu ba ne, kuma duk wanda ya ba mutanen Hardawa shawarar su bar gero bai san abin da yake faɗa ba. Illar tana bayyana ne inda aidin ya riga ya yi ƙaranci. Inda gishiri ke da aidin, gero abinci ne kawai.

Najeriya ta yi abin yabo a wannan fage. A 1993, lokacin da aka ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da maƙoƙo, musamman a tsaunukan Filato da Binuwai da wasu sassan kudu, gwamnati ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Hukumar SON ta tsara ma'auni, NAFDAC ta ɗauki aikin tabbatarwa, kuma aikin ya ƙara kauri a zamanin marigayiya Farfesa Dora Akunyili. Abin da ya sauƙaƙa shi ne akasarin gishirin ƙasar nan ta hannun manyan kamfanoni ƙalilan yake bi, don haka tsare ƙofa kaɗan ya isa. A 2005 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka shaida ta cika sharaɗin wadata jama'a da gishiri mai aidin. Binciken 2018 ya sami aidin a gishirin sama da kashi 90 cikin 100 na gidajen da aka gwada.

Sai dai samun aidin a gishiri daban, samun isasshe daban. Dokar ta tanadi adadi mafi yawa a masana'anta, mafi ƙanƙanta a kanti, domin an san ana asara a hanya. A kasuwannin karkara buhu ake farkewa a zuba a kwano, ana aunawa da mudu ko gwangwani, ya wuni a rana, ya sha raɓa da danshin damina. Hausawa sun ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya; aidin ɗin da ke cikinsa ma danshi ne babban abokin gabansa. Ga kuma tsohuwar hanyar gishirin gargajiya da ba ta bi ta masana'anta ba: na Bilma da ayarin raƙuma ke kawowa, da manda, da na Keana da Awe, da wanda aka sayo don dabbobi ya ƙare a madafa saboda araha. Sannan yanzu likitoci na kira a rage cin gishiri zuwa ƙasa da giram biyar a rana saboda hawan jini, kira ne mai gaskiya, amma idan gishirin ya ragu dole a sake duba yawan aidin da ke cikinsa. Waɗannan fayil biyu ne da ya kamata su haɗu a tebur ɗaya.

Jaririn da ake yaba wa haƙuri

Akwai yaran da gishiri ba zai cece su ba. Kimanin jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000 ana haihuwarsa da tayirod da ba ta ginu ba ko ba ta aiki. A ranar haihuwa ba a ganin komai, domin ya sha daga na uwarsa. Alamomin a hankali suke zuwa: shawarar da ta ƙi wucewa, yawan barci, kasalar kama nono, taurin bayan gida, kakkaurar murya, cibiya ta turo, harshe ya yi kauri. Abin takaici, irin wannan jaririn ne mata ke yabawa a ɗakin maijego, a ce yaro mai haƙuri, ba ya kuka. Kafin a gane haƙurin nan cuta ce, an yi suna, an gama wankan jego, watanni sun shuɗe.

Maganin ƙwaya ce guda a rana, mai araha, kuma idan aka fara ta cikin makonni biyun farko yaron yakan tashi da basira kamar kowa. Ganowa kuma ɗigon jini ne daga diddige a kan wata takarda ta musamman. An fara wannan gwajin ga dukan jarirai a lardin Kebek na Kanada a shekarun 1970, yanzu ya zama ruwan dare a ƙasashe da yawa. Najeriya ba ta da tsarin da ke yi wa kowane jariri shi. A karkarar Bauchi, inda yawancin haihuwa a gida ake yi a hannun ungozoma, kafa tsarin zai yi wuya, amma akwai ƙofar da take buɗe: ranar da ake kai jariri allurar rigakafin farko.

Wani rukunin kuma matsalarsa a makarɓin take. A 1967 Dakta Samuel Refetoff ya bayyana wasu 'yan gida ɗaya masu maƙoƙo da kurumta, alhali jininsu cike yake da sinadarin. Daga baya aka gano makarɓin beta ne ke da tangarɗa. Yaran da ke da irin wannan sukan yi fama da rashin natsuwa da kasa mai da hankali. Na alfa kuwa sai a 2012 likitoci a Kambirij suka fara bayyana shi, a jikin wata yarinya 'yar shekara shida mai jinkirin girma da jinkirin koyo, wadda gwajin jininta ya fito kusan daidai, saboda ƙullin da ke auna sinadarin da beta yake aiki, shi kuwa lafiya yake. Waɗannan cututtuka ba su da yawa. Darajarsu ita ce sun nuna wace kujera ke riƙe da wane fayil.

Ko ga babba aikin makarɓan bai ƙare ba. Tayirod mai kasala takan kawo mantuwa da nauyin tunani da baƙin ciki mara dalili da jin sanyi. Mai wuce gona da iri takan kawo fargaba da rawar hannu da rashin barci da rama. Da yawa ana danganta su da gajiyar ofis ko sammu, alhali gwajin TSH guda zai iya rarrabewa.

Inda fayil ɗin yake yanzu

Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a tun Agustan 2023, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau ne, ƙaramar hukumar da Hardawa take ciki. A ƙarƙashin ma'aikatarsa ana ƙoƙarin sauya ƙwayar da ake ba masu ciki daga mai sinadarai biyu ta ƙarin jini zuwa mai sinadarai 15, wadda ke ɗauke da maikirogiram 150 na aidin. Mataki ne mai kyau, amma ƙwayar da aka karɓa a wata na biyar ba ta koma baya ta gyara wata na uku. Gishiri ne kaɗai ke isa ga mace tun kafin ta san tana da ciki, har ma tun kafin a ɗaura mata aure.

Kayan aikin ba a nesa suke ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na haɗaɗɗen asusun gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. A Azare akwai babban asibitin tarayya, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021, wadda ɗalibanta za su iya bin kasuwannin Katagum da Misau da 'yar kwalbar gwaji. Ɗigo ɗaya ake sa wa gishiri, idan akwai aidin sai ya rine ya koma shuɗi. Kwalbar tana faɗin akwai ko babu ne kawai. Sanin ko ya isa sai an kai gishirin ɗakin gwaji, a kuma auna aidin ɗin da ke fitsarin mata masu ciki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matsakaicinsa ya kamata ya kasance tsakanin maikirogiram 150 da 249 a kowace lita.